Wankan da Ya Kashe Giwar Fadama

Masu ba da labari sun ce a wani gari da ake kira Dutsen Gauɗe an yi wani Sarkin Noma mai suna Korau, mutum mai kyauta, mai son a yaba masa. Wata shekara ya sayo babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ke jan ƙaramar tirela cikin taɓo da yashi, mutanen gari suka laƙaba masa suna Giwar Fadama. Ya damƙa Giwa a hannun Cindo, wanda ya shekara ashirin yana yi masa aiki, yana zaune da iyalinsa a gidan gona. Damina biyu kacal Giwa ta yi. Ran nan tana tsakiyar fadama da buhunan shinkafa, sai inji ya yi wata irin ƙara ya buga, aka turo ta gida da hannu.

Sarkin Noma ya fusata, ya ce sakacin Cindo ne. Ya aika masa cewa kafin faɗuwar rana ya kwashe iyalinsa ya bar masa gidan gona. Sa'an nan ya zauna a gindin tsamiya kusa da matacciyar Giwa, yana ta tsaki.

A gindin tsamiyar nan ake ɗaure Duna, tsohon jakin da aka sauke wa aiki tun zuwan Giwa. Duna yana da baki, sai dai ba ya yawan ɓata yawunsa a kan mutane, don ya lura ba ji suke yi ba. Amma Cindo ne ke kawo masa dusa safe da yamma, saboda haka yau bai iya haɗiye maganar ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsakin nan ya ishe ni haka. Kana neman yin abin da Alhaji Nomau ya yi, ya zo yana cizon yatsa."

Sarkin Noma ya ce, "Wane ne kuma Alhaji Nomau? Me ya yi?"

Duna ya karkaɗe kunne, ya ce, "To saurara."

Ranka ya daɗe, kafin ka saye ni na zauna a wani gari, Kwarin Marke, wurin wani mai sayar da itace, turkena yana jikin garejin Usta Barau makaniki. A garin akwai Alhaji Nomau, babban manomi, wanda ya sayi babur mai ƙafa uku mai bodi don kwasar amfanin gona. Alhaji bai iya hana aro ba. Mai taki ya ara, mai rake ya ara, mai kai gara ma ya ara. Mutanen garin kuwa suna da ladabi, irin naku na nan: abin kunya ne ka ari abin mutum ka maido shi da datti. Don haka duk wanda ya gama aiki sai ya zarce rafi, inji da zafinsa, ya tura babur cikin ruwa har ya shanye taya, ya wanke shi fes, sa'an nan ya kawo. Alhaji ya fito ya shafa bodi, ya ce, "Ka ga 'ya'yan mutunci."

Direbansa Mati ya yi magana har ya gaji. Da babur ya mutu, Alhaji ya kori Mati, ya sayo wani sabo, ya ɗauki sabon direba. Wannan babur ɗin ko shekara ɗaya da rabi bai cika ba. Aka jawo shi gareji, ina tsaye ina kallo. Usta Barau ya shiga ƙarƙashi ya kwance noti don ya tsiyaye baƙin mai, sai ga wani abu fari-fari yana zuba kamar kunun gyaɗa.

Alhaji ya ce, "Usta, kayan zamanin nan ba su da ƙarko. Sai kyan fenti."

Usta Barau ya jefar da sifana, ya ce, "Haba Alhaji. Kullum ku kashe abu da hannunku, ku zo ku zagi wanda ya ƙera. Da ka san labarin Tabawa mai markaɗe, da ba ka faɗi haka ba."

Alhaji ya ce, "Ban san shi ba. Ba ni in sha."

Usta ya goge hannu da tsumma, ya fara.

Ya ce, a garin da na koyi aiki akwai wata mata, Tabawa, mai injin markaɗe, tana kuma noman albasa. Ita da maƙwabcinta Malam Dogara rana ɗaya suka sayo babur mai bodi, iri ɗaya, launi ɗaya. Malam Dogara ko ledar kujera bai yarda a ɓare ba, kuma kowace Juma'a sai an kai shi rafi an yi masa wanka. Tabawa kuwa shekara goma sha biyar tana fama da injin markaɗe, ta san abin da ƙarfe ke so. Tana ba da aro, amma da sharaɗi: a maido mata da abinta da taɓonsa. Sai inji ya huce ta ɗauki kara ta kankare laka, ta goge da ruwan bokiti ɗaya, ta cusa giris inda ya kamata. Duk ranar kasuwa ta zaro sandar gwajin mai, ta murza a yatsa ta duba.

Mata suka sa ta a baki, wai ƙazama ce, babur ɗinta kamar an tono shi daga rami. Wani ƙanin mijinta ya ara, kunya ta hana shi maido shi da datti, ya bi ta rafi. Tabawa ta tsiyaye man a gabansa, ta ce ya gama aro a wurinta. Shekara guda bai gaishe ta ba, ita kuwa ko a jikinta.

A damina ta uku na Malam Dogara ya tsaya cak a kan hanyar kasuwa. Ka san wanda ya jawo shi garejinmu? Mummunan babur ɗin Tabawa, da igiya, mutane suna kallo. Muka buɗe, boris duk ya yi tsatsa, giya ta cinye kanta. Ledar kujerar nan ce kaɗai muka samu da lafiyarta. Na Tabawa kuwa, da na je garin bara, shekararsa tara, yana nan yana kwasar albasa.

Usta Barau ya nuna kunun da ke zuba, ya ce, "Alhaji, ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwa zuƙar ruwan yake yi, ya gauraya da mai, giris kuma ya wanke. Mati bai kashe maka babur ba. Ladabin mutanen garin nan ne ya kashe shi, kai kuma kana tsaye kana sa musu albarka."

Duna ya ci gaba, ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji Nomau ya aika a nemo Mati, aka tarar ya kwashi iyalinsa ya yi kudu. Har na bar garin ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babur dai Alhaji ya sayi na uku. Irin Mati ne bai samu a kasuwa ba."

Sarkin Noma ya ɓata rai, ya ce, "Wannan ai labarin wasu ne. Da akwai matsala, da Cindo ya gaya mini."

Duna ya buga ƙafa a ƙasa. Ya ce, "Ikon Allah. A nan, a gindin tsamiyar nan, sau uku ya durƙusa yana roƙonka a daina kai Giwa wanka rafi. Na farko ka yi dariya, ka ce giwa ai da ruwa aka san ta. Na biyu ka ce kada ya kuskura ya kunyata maka masu aro. Na uku ko kallonsa ba ka yi ba, kana nuna wa baƙi yadda take ƙyalli. Ni in an cuce ni zama nake yi a tsakiyar hanya, a yi ta duka, in ƙi tashi, dole a rage kaya. Wannan baiwar Allah ba ta iya zama, ba ta iya kuka. Cindo ne bakinta, kai kuma ka toshe kunne, yanzu bakin kake so ka kora. In ƙarya nake, ga sifana can a akwati."

Sarkin Noma ya naɗe hannun riga, ya durƙusa da ƙyar, ya kwance notin. Farin kunu ya tsiyayo, ya malale masa a kan takalmi. Ya daɗe yana kallonsa, kunya ta rufe shi. Can ya ce, "Duna, ka yi gaskiya. Ni na kashe ta."

Bai tsaya wanke ƙafa ba ya nufi gidan gona. Ya tarar Delu matar Cindo ta ɗaure tukwane a zane, idonta ya yi ja, Cindo kuma yana cire ƙyauren da ya sa wa ɗakin da hannunsa shekara ashirin da suka wuce. Sarkin Noma ya riƙe ƙyauren, ya ce, "Mai da shi, Cindo. Ka faɗa sau uku, ban ji ba. Ka yafe mini. Daga yau duk wanda ya ari Giwa ya maido ta da taɓonta, wanda ya ji haushi ya zo ya same ni."

Cindo ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Ina jin za ta gyaru, in an sauke inji an kai wa makaniki a birni. Sai dai hanyar ta yanke, mota ba ta shigowa. Ban san abin da zai ɗauki injin ba."

Suka dawo gindin tsamiya suna shawara. Sai su biyun suka juya suka dubi Duna.

Duna ya dube su, ya dubi injin, ya ja dogon tsaki. Ya ce, "Na san za a yi haka. Ni da bakina na jawo wa kaina. To, a ɗora. Amma wallahi in muka iso rafi wani ya ce zai yi mini wanka, zama zan yi."