Kura da Wanda Ya Fi Ta Ci

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Kura ce Sarkin Fawan Zaki. Ita ke fiɗa, ita ke rabo, amma kullum tsoka ta tafi fada, ita a bar ta da ƙashi. Rannan ta je wurin Kunkuru mai duba. Ya baza ƙasa, ya zana, ya share, ya ce, "Gadon Zaki naki ne. Kuma ba mai sauke ki sai wanda ya fi ki ci."

Kura ta ƙyalƙyale da dariya. "Wa ya fi ni ci a dajin nan?"

Ba ta iya jira ba. Ta ce wa Zaki ta ga ɓauna a bayan tsauni, ta bi da shi ta kan ramin mafarauta. Ya rufta, ya mutu. Ta dawo tana kukan ƙarya, kafin hawayen su bushe ta naɗa rawani.

Amma hankalinta bai kwanta ba. Ta ga Giwa na cin itace har sassaƙe, ta sa aka kore ta. Ta ga Dorina na kiwo, ta sa aka tura ta kogi. Ta ga Ungulu a kan mushe, ta sa aka fige mata kai. Daji ya yi tsit. In yaro ya ce "ƙari", sai uwarsa ta toshe masa baki.

Sai aka kai tsegumi cewa Gizo ya lashe tuwon suna shi kaɗai. Aka kamo shi, matarsa Ƙoƙi na biye tana kuka.

Kura ta ce, "Yau da kai zan karya kumallo."

"Yanki ya daɗe," in ji Gizo da tsamin bakinsa, "ni ai ɗan koyo ne. Malamina na can, a murhun Ƙoƙi yake kwana."

"Kawo shi!"

Gizo ya kawo garwashi a kasko.

"Wannan ɗan jan abin? A ba shi kara!"

Ya cinye.

"A ba shi tabarma!"

Ya cinye.

"A ba shi itacen fada gaba ɗaya!" Ita kuma ta hau rago, ta cinye, ta hau wani, har cikinta ya taɓa ƙasa. Tana nishi ta ce, "Ya ƙoshi?"

Gizo ya ce, "Yanzu ya wanke hannu."

Wuta ta kama zana, ta hau jinka, ta lashe gadon sarauta, ta cafki rawani. Kura ta zabura, ciki ya hana ta gudu, azara ta faɗo mata a ƙugu. Da ƙyar ta ja gindi ta shige kogo. Shi ya sa har yau bayanta a sauke yake.

Giwa ta dawo da ruwa a hanci ta kashe wutar. Aka naɗa ɗan Zaki, aka yi ta kiɗa da guɗa, yara suka ci suka ƙara. Aka ce Gizo ya faɗi ladansa, ya ce tuwo.

To, kun ji. Wanda ya hau ta kan gawar ubangidansa ba ya zama lafiya, kuma kwaɗayin da ya ɗora mutum shi ke sauke shi.

Ƙungurus kan kusu. In ƙarya ce, ku tambayi Gizo.