Gurbin da Delbert ya hana kowa

Akwai wani dattijo mai suna Delbert Haskins da ke zaune a bakin kogin Gasconade, cikin jihar Missouri ta ƙasar Amurka. Matarsa ta rasu, ɗansa guda yana aiki a wata jiha mai nisa. Abin da ya rage masa shi ne kwale-kwalensa, da sandar fatsarsa, da amininsa Virgil.

Shekara arba'in suna fatsa tare. Duk kaka, idan ganyen itatuwa ya yi ja ya fara zuba, ruwa ya yi sanyi, kifin bas yakan bar bakin gaɓa ya taru a gurabe masu zurfi. Akwai wani gurbi a bayan wani dutse da su biyu kaɗai suka sani. Bas na kwance a ƙasansa, kifin kirafi kuma na ɓuya cikin rassan wata bishiya da ta faɗa ruwa.

Delbert ne ya fara gano wurin, kuma bai taɓa barin Virgil ya manta da haka ba.

"Kai fa ɗan rakiya ne," yakan ce. "Ba don ni ba da har yau kwaɗi kake kamawa."

Virgil sai ya yi dariya ya ce, "Tuƙa dai, tsoho. Bakinka ya fi ƙugiyarka kamu."

Wata safiya Delbert ya iso gurbin, sai ya tarar da Virgil a cikin wani kwale-kwale tare da surukinsa Curtis, yana nuna masa dutsen da rassan bishiyar.

Ran Delbert ya ɓaci. Ya ce, "Virgil, wurina ka kawo baƙo?"

"Tsaya ka ji, mutumina. Akwai dalili."

"Riƙe dalilinka! Shekara arba'in ina jan ka kamar jela, yau ka sayar da ni."

Ya juya kwale-kwalensa ya tafi. Virgil ya kira shi a waya sau uku, bai ɗauka ba. A coci ya sauya wurin zama. Da Loretta, matar Virgil, ta tare shi a bakin kanti ta ce, "Delbert, don Allah ka leƙo gida, yana son ganinka," sai ya ce mata ai ƙafar da ta kai shi gurbi ba ta karye ba, ya zo da kansa.

Virgil bai zo ba. Kaka biyu suka wuce.

Delbert ya ci gaba da fita shi kaɗai. Yakan zauna tun hantsi har la'asar, ba ya jin komai sai ƙarar ruwa da kukan agwagin daji masu wucewa kudu. Idan ya koma gida sai ya soya kirafi da garin masara, ya ci biyu, ya ba kyanwa sauran. Wani lokaci sai ya yi kwana uku bai buɗe baki ya yi wa mutum magana ba.

A kaka ta uku, wata ranar Talata da hazo a kan ruwa, wani abu ya fizgi igiyarsa har sanda ta lanƙwashe. Bas ne, irin wanda bai taɓa gani ba. Kifin ya yi tsalle sama, ya sake nutsewa. Delbert ya yi ta fama da shi, kafaɗarsa na zogi, har ya jawo shi gefen kwale-kwale.

Ba tare da ya sani ba ya ɗaga murya: "Virgil, miƙo koma! Yi sauri mana!"

Ya waiga. Ba kowa a bayansa sai ganye da ya zuba a kan mazaunin.

Ya ciro kifin da hannu, ya auna, ya kusa laba shida. Ya daɗe yana kallonsa. Ba wanda zai nuna wa, ba wanda zai ce masa ƙarya yake yi. Ya cire ƙugiyar a hankali ya mayar da shi ruwa.

Daga bakin kogi bai biya gida ba, ya wuce gidan Virgil. Loretta ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta ce, "Sai yau?"

"Yana ciki?"

"Wata takwas ke nan yana gidan kula da tsofaffi. Ciwon mantuwa ne. Tun kafin ranar da kuka yi faɗa likita ya gaya masa."

Delbert ya ce, "Me ya hana shi gaya mini?"

Ta ce, "Ya san ba zai daɗe yana fita da kai ba. Ya ce kafaɗarka ba ta da kyau, kuma kogin nan ba ya son mutum shi kaɗai. Shi ya sa ya kai Curtis, don ka sami mai raka ka bayansa. Ya so ya gaya maka da bakinsa, kai kuwa ka ƙi tsayawa."

Washegari Delbert ya kamo kirafi, ya soya, ya naɗe da zafinsa ya tafi gidan tsofaffin. Ya sami Virgil zaune kusa da taga da bargo a gwiwa. Ya rame ƙwarai.

"Sannu, Virgil."

Virgil ya dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo. "Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?"

Delbert ya jawo kujera. Ya zauna, ya buɗe kifin ya miƙa masa. Virgil ya gutsura, ya tauna a hankali, sai fuskarsa ta washe.

"Kirafin kaka ne wannan," in ji shi. "Ina da wani aboki da muke kama irinsa. Delbert sunansa. Ka san shi?"

"Na san shi."

"Fushi yake da ni. Kullum ina ƙoƙarin tuna abin da na yi masa, na kasa. In ka gan shi ka ba shi haƙuri."

Hawaye ya zubo wa Delbert. Ya ce, "Ba ka yi masa komai ba. Shi ne dai wawa."

Virgil ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Ai kuwa ka san shi! Wawa ne na gaske. Amma a duk kogin nan ba mai fatsa kamarsa."

Tun daga ranar Delbert yake zuwa duk Laraba da soyayyen kifi. Curtis ne ke tuƙa masa kwale-kwale yanzu. Virgil ya rayu shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, kuma har ya rasu bai sake gane shi ba ko sau ɗaya.

Darasi: Idan masoyinka ya ce "tsaya ka ji," ka tsaya ka ji. Girman kai yana sa mutum ya ɗauka gobe tana nan tana jiransa, alhali wanda za ka nemi gafararsa ba lallai ka same shi yadda ka bar shi ba. In akwai wanda ka yanke wa zumunci, neme shi yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya karanta ya ɗauki waya.