Maazou da Hasumiyar Dutse

Akwai wani ɗalibi ɗan Damagaram mai suna Maazou, yana karatun zanen gine-gine a Lyon. Yana da ƙoƙari ƙwarai, sai dai ba ya ganin kowa da gashi.

Bincikensa na ƙarshe a kan hasumiyar dutse ne, wadda Faransawa ke kira donjon. Ita ce mafakar ƙarshe ta sarakunansu na dā idan maƙiya sun fasa ganuwa. Bangonta ya fi tsawon mutum kauri. Ƙofarta a sama take, sai da tsani. Tagoginta ƴan tsagu ne na harba kibiya.

Abokin karatunsa Affan ne ya fara kai shi wata tsohuwar hasumiya a bayan gari, suka shirya su auna ta tare. Da Maazou ya ga aikin zai yi suna, sai ya ce masa:

“Affan, ka nemi wani aikin. Kana ja da ni baya.”

Affan ya dube shi, ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a.”

Daga nan Maazou ya zauna shi kaɗai. Shi kaɗai yake cin abinci a ɗakinsa na unguwar Bron, a gefen Lyon. Yayarsa Mutmainna, da ke aiki a Paris, ita kaɗai ke kiransa, ita ma sau da yawa ba ya ɗauka.

Wata safiya ya tafi awon hasumiyar bai faɗa wa kowa ba. Yana saukowa a matattakalarta murɗaɗɗiya kamar dodon koɗi, dutse ya zame masa. Ya faɗa ɗakin ƙasa, inda ake ajiye hatsi a dā, ƙafarsa ta karye.

Ya duba waya, babu rezo, ba damar kira, kaurin bango ya tare. Ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Ɗakin ba shi da ƙofar waje. Ya kwana a nan, ya sake wuni, yana kallon ɗan siririn haske a bango, yana lissafa waɗanda za su lura ba ya nan. Bai samu kowa ba.

Mutmainna kuwa hankalinta ya tashi. Ƙin ɗauka ta saba da shi, amma waya a kashe ba halinsa ba ne. Ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ta bi shagunan unguwar Guillotière, inda ƴan Afirka ke taruwa, tana tambaya, har aka haɗa ta da Affan.

“Yaya, ai mun daina magana,” in ji shi. “Amma na san inda zai je. Taso mu tafi.”

Can suka same shi, leɓɓansa sun bushe, suka kira ponpiye, wato ƴan kwana-kwana, aka fito da shi.

A asibiti Maazou ya riƙe hannun Affan yana hawaye. “Ka yafe mini. Ka dawo mu ƙarasa tare.”

“Na yafe tun tuni,” in ji Affan. “Amma na riga na shiga aiki da wasu, ba zan bar su ba.”

Maazou ya rasa shekarar karatun nan. Har yau yana ɗan ɗingishi.

Darasi: Kada ka kori mutane don kana ganin ka isa. Ranar da ka faɗi, wanda ka wulaƙanta zai iya zama shi kaɗai ya san inda kake, kuma ko ya yafe, ba lallai a koma kamar dā ba. Ku tura wa ƴan uwa, musamman na ƙasar waje.