Barmo Mai Tsaron Ƙofa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu saurare ta.

An yi wani mutum, sunansa Barmo, mai gadin tsohon sansanin yaƙi a kan dutse. Kakanninsa ne suka gina shi zamanin hare-hare, suka bar doka: in an busa ƙaho, kowa ya hau da hatsinsa, a jibge a tsakiya, a fuskanci ƙofa, kada a waiwaya.

Yaƙi ya daɗe da ƙarewa. Ganuwar ta zube, ko gwiwa ba ta kai ba, kuka ta tsiro a ɗakin makamai. Ƙofar ƙarfe kaɗai ta rage a tsaye, kullum Barmo yana shafa mata mai.

Ran nan bayan girbi sai ga Gwaggon Biri yana haki.

"Barmo, kana zaune? Mahara!"

Barmo ya duba gabas, ya duba yamma, sai shanu.

"Ina suke?"

"Mahari yana bari a gan shi? Da kakanka ne, da tuni ya busa."

Barmo ya ji kunya, ya busa.

Mutanen gari suka hau da dammunan gero da dawa, har da irin shukar baɗi. Aka kulle ƙofa, aka zuba mata ido.

Wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta ce, "Ɗan nan, su wa ke zuwa?"

"Ban sani ba, Iya."

"Daga ina?"

"Shi ma ban sani ba."

Can sai aka ji ƙaras ƙaras a baya.

"Barmo, motsin mene ne?"

"Iya, doka ta ce kada a waiwaya."

Aka ƙara jin ƙaras ƙaras.

"Barmo, kamar tauna nake ji."

"Ni ma, Iya. Amma doka ta ce kada a waiwaya."

Na uku, shiru. Iya Tabawa ta ce, "Ni dai wuyana ya gaji." Ta juya, ta yi salati. Babu ko zangarniya. Ga biri na ƙarshe yana tsallake ganuwa da dami a kai, ko sauri ba ya yi.

Barmo ya dubi fili, ya dubi ƙofa. Ya je ya jijjiga ta da hannu biyu.

"Jama'a, ta ina suka shigo? Wallahi a kulle take!"

To, yara, in kun gaji doka, ku tambayi abin da ya sa aka yi ta.

Ƙurunƙus, nan na ajiye ta.