Ƙaramin Hancin da Takama Ya Rataye a Bisa Bedi

Akwai wani manomin albasa a wajen Malbaza, ana ce masa Takama. Bana ya sha wahalar ban ruwa har bayansa ya lanƙwashe kamar lauje. Da ya girbe, ya jibge albasar a rudu, rumfar ajiya, yana jiran ta yi daraja. Cimakar gidansa ta shekara duk tana ciki.

Ɗiyar ƙanwarsa Badi'a, mai bincike a jami'a, ta kawo masa wata na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba. Ta ce a cikinta an shafa garin tsatsar wani ƙarfe, wanda ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba. Kamar ƙaramin hanci take: iskar ruɓa na taɓa garin, sai ta yi kuka.

"Kawu, in ta yi kuka, a fidda albasar a tsince."

"Ke ɗiyar ga, albasa za ki koya mini? Rataye abinki."

Da iskar damina ta fara kaɗawa, na'ura ta soma tsiwa. Takama ya leƙa, ya shaƙa, bai ji komai ba. Ya dubi tulin albasar, ya tuna bayansa. Ya ce gobe.

Gobe ta zo, ta tarar da shi a gajiye. Maƙwabta kuwa sun samu abin yi: "Takama, jaririn rudunka bai sha nono ba?"

Haushi ya kama shi. Ya kai ta garken awaki don ya gwada ta, nan ma ta yi kuka, don warin fitsari ma iska ne.

"Kun gani? Maƙaryaciya ce, kowa ta gani sai ta kai ƙara!"

Ya rataye ta can saman iccen bedi, inda iska ke da daɗi. Ta yi tsit.

Badi'a ta kira shi a waya. "Kawu, yaya na'ura?"

"Ta yi shiru."

"Alhamdulillahi! Ashe kun tsince."

Takama ya ce rezon waya ba kyau, ba ya jin ta.

Ranar da dillali Nafi'u ya zo da mota, ya tura hannu tsakiyar tulin. Hannun ya fito da ruwa baƙi har gwiwa. Ya goge a ƙasa, ya ce, "Allah shi mayar da alheri," ya tafi.

Takama ya zauna a bakin rudu, ko kuɗa bai kora ba. Matarsa Sahiya ta ajiye kwando a gabansa.

"Tashi, malam. Wadda ta yi saura ba za ta jira ka gama tagumi ba."

Suka wuni suna tsinta. Abin da ya tsira, jaki guda ya ɗauke shi, bai ko yi nishi ba.

Darasi: Kau da mai gargaɗi ba ya kau da ɓarna. Wahalar da ka guje wa yau tana can tana haihuwa. Ku tura wa wanda kuka san ya rataye mai gaya masa gaskiya a bisa icce.