Ranar da Sha Shida Ya Zama Shida

A ajin kimiyya na wata sakandare akwai wata yarinya da ake kira Na'ura, saboda kafin malamin lissafi ya gama rubuta tambaya a allo ta riga ta faɗi amsa. Kai kam Allah ya ba ta, sai dai yabo ya kumbura mata shi, har ta ga rubuta matakai aikin marasa gane karatu ne.

Ƙawarta ta benci ɗaya ita ce Auta, 'yar wani mai gyaran keke. Auta ba ta da sauri, amma burinta ɗaya ne, ta zama nas. Dokar makarantar kuwa, duk wanda bai ci maki hamsin a lissafin ƙarshen shekara ba, za a cire shi daga ajin kimiyya.

A zangon ƙarshe aka koya musu hujjar da ake kira indokshan. Malam ya ce mataki uku ne: a nuna maganar gaskiya ce ga lamba ta farko, a rubuta cewa an ɗauke ta gaskiya ga wata lamba k, sannan a nuna ta ga k + 1. Ya ja musu kunne cewa kowane layi da alamarsa, kada a sa = inda ya kamata a sa > ko ≥. Na'ura ko a jikinta. Ita a farkon kowane layi sai ta danƙara = ta wuce, wai ai mai dubawa ya san abin da take nufi.

Auta kuwa yadda Malam ya ce haka take bi, layi bayan layi. Na'ura ta leƙa littafinta ta yi dariya, ta ce da wannan jan ƙafar sai a karɓe takarda ba ta kai rabi ba. Auta ta tsorata, ta roƙe ta ta koya mata gajeriyar hanya. Mako biyu suna yi, har Auta ta bar abin da ta iya.

A jarrabawar ƙarshen shekara aka ce su nuna cewa 2ⁿ ya fi n girma, maki goma. Su biyun suka rubuta abu ɗaya: 2ᵏ⁺¹ = 2 × 2ᵏ = 2k = k + 1.

Da sakamako ya fito, Na'ura ta tsallake da saba'in. Auta ta sami arba'in da shida. Na'ura ta ja hannunta zuwa ofishin Malam, tana cewa an zalunce su a makin tambayar indokshan. Malam bai yi faɗa ba, biro ya miƙa wa Na'ura, ya ce ta sa uku a madadin k ta karanta layin da ƙarfi.

Ta fara da ƙarfin gwiwa, sai muryarta ta dushe. "Sha shida daidai yake da shida, shida daidai yake da huɗu."

Malam ya ce a wurin 2k alamar > ake so, a na ƙarshe kuma ≥. Sannan ya juya ga Auta. "Ke da kike rubuta min wannan daidai a aikin gida, wa ya canza miki hannu?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ba kowa, Malam. Laifina ne."

Wannan rufin asirin ya fi mari zafi a wurin Na'ura. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta faɗi gaskiya tana hawaye, ta roƙi a ɗebi makinta a ƙara wa Auta. Malam ya ce abin da ke kan takarda shi ake dubawa.

Ranar Litinin Auta ta zo ta kwashe littattafanta daga aljihun bencinsu. Ta yi wa Na'ura sallama cikin ladabi, ta koma ajin da ke ƙarshen baranda.

Darasin a nan shi ne, mai duba jarrabawa ba ya ganin abin da ke cikin kanka, abin da ka rubuta yake gani. Ka sa kowace alama a muhallinta, ka rubuta kowane mataki ko da kana ganin ka fi ƙarfinsa. Kuma kafin ka koya wa wani gajeriyar hanyarka, ka tabbata daidai ce, domin mai yiwuwa kai ka tsira, shi ya faɗi.