Ɗingishin Duna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wani saurayi ana ce masa Jatau. Ya gama karatu, ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, bai samu ba. Abokansa kowa ya kama gabansa, wannan ɗinki, wancan birni. A da, gari na wayewa sai ka ji an ƙwala daga zaure, "Ana sallama da Jatau!" Sannu a hankali sallamar ta ɗauke.

Sai Jatau ya shige ɗaki ya ja ƙofa. In mahaifiyarsa Inna Kande ta kai masa tuwo, ta dawo ta tarar da shi yadda ta ajiye. In ta ce, "Ɗan nan, fito ka sha iska," sai ya ce, "In je ina, Inna? Ba mai nemana." Yaro yana ta ramewa, ita kuwa sai ta zagaya bayan rumbu ta yi kukanta.

To, a gidan akwai wani tsohon jaki, Duna, wanda aka daina yi wa lodi. Shi ya ga hawayen Inna. Da safe ya zo ƙofar ɗakin Jatau yana ɗingishi.

"Jatau, ƙafata ciwo. Raka ni rafi."

"Nemi wani."

"Ni ma ba mai nemana. Kai kaɗai gare ni."

Tausayi ya kama Jatau, ya kama igiya. Suna tafe, da suka zo gidan wata tsohuwa, Iya Gambo, Duna ya toge. An ja, ya ƙi. An lallashe shi, ya ƙi. Ga dangar tsohuwa ta faɗi, awaki suna ta ɓarna. Jatau ya gaji da tsayuwa, ya tayar da dangar ya ɗaure. Iya Gambo ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ɗan wa ne kai?"

Washegari Duna ya sake cewa, "Jatau, ƙafata ciwo. Raka ni rafi." Wannan karon a maƙera ya toge. An ja, ya ƙi. An lallashe shi, ya ƙi. Ga Barau maƙeri shi kaɗai, wuta na neman mutuwa. Jatau ya zauna ya kama masa zuga. Barau ya ce, "Samari, hannunka da ƙarfi. Yaya sunanka?"

Da suka sake fita, Duna ya toge a gindin wata tsamiya. Nan ba danga, ba wuta. Wani saurayi ne, Shekarau, zaune ya haɗa kai da gwiwa. Jatau ya ce, "Lafiya, ɗan'uwa?" Shekarau ya ce, "Ƙyale ni kawai. Ba mai nemana." Jatau kuwa ya san maganar nan. Ya zauna kusa da shi, suka yi ta hira har rana ta yi sanyi.

A hanyar gida Jatau ya dubi jaki. "Kai, Duna, jiya ba da ƙafar dama kake ɗingishi ba?"

Duna ya ce, "Tsufa ne. Ciwon yawo yake yi."

Gari ya waye, Inna tana dama koko, sai aka ƙwala daga zaure, "Ana sallama da Jatau!" Ludayi ya suɓuce mata. Jatau ya leƙo ya ce, "Wane Jatau?" Inna tana dariya tana hawaye, ta ce, "Akwai wani a gidan nan bayan kai?"

Barau ne, Iya Gambo ta kwatanta masa gidan. Ya ce, "Abin da zan ba ka ba yawa, amma wuta na jira."

Jatau ya shanye kokonsa tas. Ya ce, "Baba, ka yi gaba, ina tafe. Akwai inda zan fara biyawa." Ya miƙe sai ƙofar gidan su Shekarau, ya buɗe murya, "Ana sallama da Shekarau!"

Duna kuwa, tun daga ranar ba a sake ganin ɗingishinsa ba.

To, jikokina, in kun ga wani ya shige ɗaki ya yi shiru, kada ku ce masa rago. Ku je ƙofar gidansu ku kira sunansa.

Ƙurunƙus kan tsohon jaki. Ba don Duna ba, da na yi muku ƙarya.